Malama Juwairiyya Ishiyaku Saji da Lissafin Dami Sittin

Haihuwa da asali

An haifi Malama Juwairiyya a garin Saji da ke ƙasar Rano, cikin daminar shekarar 1968. Mahaifinta, Malam Ishiyaku, manomin dawa ne da gyaɗa, wanda kan yi ɗinkin hula da rani idan aikin gona ya ƙare. Mahaifiyarta kuwa, Malama Tani, sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Juwairiyya ce ta uku a cikin 'ya'ya bakwai, kuma mace ta farko a gidan. Waɗanda suka san ta tun ƙuruciya sun bayyana ta da cewa yarinya ce marar yawan magana, mai yawan kallo, wadda idan aka aike ta sai ta maimaita saƙon da bakinta kafin ta fita daga gida.

Neman ilimi

Ta fara karatun allo tana da shekara biyar a zauren ƙanen mahaifinta, kuma a nan ta sauke Alƙur'ani a shekarar 1981. A watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowane yaro, aka rubuta sunanta a aji ɗaya tana da shekara takwas, rana ɗaya da ƙanenta mai bi mata. Ta kammala firamare a 1982, ta samu gurbi a wata kwalejin horar da malamai mata da ke Kano, inda ta yi shekara biyar.

A kwalejin ne matsalar da ta shafe rayuwarta tana fama da ita ta bayyana. Idan aka ba ta lambobi tsura, aka ce ta tara ko ta ɗebe ko ta raba, da wuya a samu wadda za ta riga ta gamawa a ajinsu. Amma da zarar an sanya lambobin nan cikin labari, aka ce wata mota ta tashi daga gari kaza ko wani manomi ya shuka kaza, sai ta rasa ta inda za ta kama. A jarrabawar ƙarshe ta shekarar 1987 ta ci dukkan darussa ban da lissafi, saboda haka ba a ba ta takardar shaida ba.

Ta koma Saji ta zauna shekara guda tana taya mahaifiyarta aikin gyaɗa, tana bitar tsofaffin tambayoyi. A wannan zaman ne ta lura da cewa duk tambayar da ta iya ba wa mahaifiyarta labarinta da Hausa, kamar labarin wani maƙwabci, to kafin ta kai ƙarshen labarin ta gane abin da ake nema. Ta sake zama jarrabawar a 1988, ta ci, aka ba ta takardar malanta mai daraja ta biyu.

Fara aikin koyarwa

A watan Oktoba na 1988 aka ɗauke ta aiki, aka tura ta wata ƙaramar makarantar firamare a wani ƙauye da ke gundumar Yalwa. Makarantar tana da ɗakuna uku kacal, sauran azuzuwan kuwa a gindin bishiya ake zama. Ta fara da aji biyu, sannan a 1991 aka damƙa mata lissafin aji shida, wato ajin da ke zama jarrabawar shiga sakandare.

Ta tarar da cewa shekaru da dama sun wuce ba a samu yaron da ya ci wannan jarrabawa daga ƙauyen ba, kuma sashen tambayoyin labari ne ke kayar da su. Al'adar yaran ita ce su tsallake kalmomin Ingilishin da ba su gane ba, su tsince lambobin da ke ciki su tara su, ko da tambayar ta rabawa ce. Tun daga wannan shekara Malama Juwairiyya ta ɗauki niyyar ganin 'ya'yan manoman ƙauyen sun ƙetare wannan sashe sun shiga sakandare, kuma kusan duk abin da ta yi a aikinta daga baya yana da alaƙa da wannan niyya.

Dokarta ta farko ita ce babu mai taɓa fensir sai ya rufe littafi ya ba wa na kusa da shi labarin tambayar da Hausa. Wanda ya kasa ba da labarin, sai ya koma ya sake karantawa. Bayan haka sai a fita waje a zana abin a ƙasa, ko a jera shi da tsakuwa da guntayen kara. Kafin a fara lissafi kowa sai ya faɗi hasashensa, ko amsar za ta fi lambar da aka bayar ko za ta gaza ta. Idan lambobin sun yi girma har sun tsorata yaro, takan sa shi ya musanya su da ƙanana, ya ga yadda abin yake tafiya, sannan ya dawo kan na ainihi. Idan kuma ƙarshen labarin aka bayar ana neman farkonsa, sai a bi sawu da baya. Daga ƙarshe a mayar da amsar cikin labarin a ga ko ta zauna. Duk waɗannan dabaru ta tattara su a cikin umarni guda wanda ɗalibanta na wancan zamani ba su manta ba, wato: “Ku kai tambayar gida, ku ga yadda ake yi a gidanku.”

A shekarar 1993 yara biyu daga ajinta suka ci jarrabawar, kuma daga nan adadin ya riƙa ƙaruwa a hankali kowace shekara.

Aure da iyali

A watan Disamba na 1989 aka ɗaura aurenta da Malam Ja'afaru, mutumin Kibiya, malamin gona wanda a lokacin yake aiki a Rano. Sun zauna a cikin garin Rano, daga nan take zuwa makaranta kullum, da farko a bayan keken mijinta, daga baya a babur. Allah Ya azurta su da 'ya'ya shida tsakanin 1990 da 2003. Ɗaya daga ciki, Khadijatu, ta rasu tana jaririya a shekarar 1995.

Al'amarin dami sittin

A watan Disamba na 1998, ana tsakiyar kaka, aka shirya wa 'yan aji shida na makarantun yankin jarrabawar gwaji. A cikin tambayoyin lissafi akwai wadda ta ce wani manomi ya girbe dami sittin na dawa, ya raba wa 'ya'yansa uku daidai-wa-daida, nawa kowanne ya samu. Amsar da ake nema ita ce ashirin. Da aka duba takardun ajin Malama Juwairiyya, sai aka ga fiye da rabin yaran sun rubuta goma sha takwas.

Kasancewar yara da yawa sun haɗu a kan kuskure guda ya sa hedimastan makarantar ya zargi ajin da satar amsa, kuma ya bayyana cewa idan zargin ya tabbata ba zai gabatar da sunayensu ga babbar jarrabawa ba a wannan shekara. Malama Juwairiyya ta nemi a ba ta dama ta bincika. Washegari ta riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan aji, a gaban hedimastan, tana ba kowanne tsakuwa ya nuna yadda ya yi. Kowane yaro sai ya jera tsakuwarsa goma-goma, ya zare ɗaya daga kowane layi ya ture gefe, sannan ya raba ragowar gida uku. Da aka tambayi yarinya ta farko, mai suna Jannatu, dalilin ture tsakuwa shidan nan, sai ta dubi malamarta da mamaki ta ce: “Malama, ai zakka ce.”

Yaran sun bi umarnin da aka ba su ne sau da ƙafa. Sun kai tambayar gida, kuma a gidajensu, a daidai wannan mako, iyayensu suna ware dami ɗaya daga kowane goma kafin a kai ko zangarniya ɗaya rumbu. Da aka sake duba takardun sai aka ga irin wannan a wata tambayar ta daban, inda aka nemi tsawon lokacin da 'yan ƙwadago suka yi suna aiki daga safe zuwa yamma, wasu yaran suka cire lokacin sallar azahar da cin abinci. Hedimastan ya janye zarginsa, amma ya gargaɗe ta da cewa masu duba babbar jarrabawa ba za su ba da maki a kan goma sha takwas ba.

A darasi na gaba Malama Juwairiyya ta sanar da ajin cewa a takardar jarrabawa ba a cire zakka. Yaran suka isar da maganar gida kamar yadda aka faɗe ta, babu ƙari babu ragi, kuma iyayen sun fahimce ta sarai. Alhaji Ubaidullahi, babban manomi a ƙauyen, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, kuma mahaifin Jannatu, ya bayyana a masallaci cewa yaron da hannunsa ya saba raba amfanin gona a takarda ba tare da fitar da haƙƙin Allah ba, wata rana haka zai raba shi a gona. Jama'a da dama suka gamsu da hujjarsa. Da aka dawo hutu a watan Janairu na 1999, mafi yawan 'yan aji shida ba su dawo ba, alhali saura 'yan watanni a zauna jarrabawa.

Malama Juwairiyya ta samu kanta tsakanin abu biyu. Idan ta janye maganarta, yaran za su dawo amma za su faɗi jarrabawa. Idan ta tsaya a kanta, ba za su dawo ba sam. Mijinta ya ba ta shawarar ta nemi a canza mata makaranta, ta ƙi. Maimakon haka ta roƙi mai unguwa ya tara iyayen, aka kuwa yi zaman a zaurensa wata ranar Alhamis da hantsi, tare da limamin ƙauyen da hedimasta da Malam Ja'afaru. Ita kaɗai ce mace a wurin, ta zauna a kan tabarma daga bakin ƙofar shiga gida.

Waɗanda suka halarci zaman sun ruwaito cewa bayan Alhaji Ubaidullahi ya gama bayaninsa, ba ta musa masa komai ba, sai dai ta nemi izinin yi masa tambaya. Ta ce: “Alhaji, idan ka bi ta ƙofar gidan mutum ka ga dami sittin a jere yana raba wa 'ya'yansa, za ka tsaya ka tambaye shi ko ya fitar da zakka?”

Ya ce: “Subhanallahi! Ni wa ya naɗa ni? Wannan ai munana zato ne ga Musulmi.”

Ta ce: “To, manomin cikin takarda ma ba mu san shi ba, ba mu ga gonarsa ba. Me zai hana mu kyautata masa zato, mu ɗauka ya riga ya fitar da tasa tun a gona, sittin ɗin nan ragowa ce?”

An ce liman ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ce: “Ubaidu, yau an kama ka. Kai da kake hana mu zancen mutane, ga shi ka tara gari a kan bawan Allahn da ko sunansa ba ka sani ba.” Alhaji Ubaidullahi ya amsa da cewa: “Allah gafarta Malam, na ji na yarda. Amma a gaya wa masu rubuta takardar nan su riƙa faɗa, su daina jefa yara cikin zato.” Ya kuma kafa sharaɗi guda, cewa duk lokacin da aka yi lissafin amfanin gona a aji, sai an faɗa da baki cewa manomin ya fitar da zakkarsa kafin a fara rabo. Malama Juwairiyya ta amince da sharaɗin, kuma ta cika shi har ƙarshen aikinta.

Mafi yawan yaran sun dawo a makon da ya biyo baya. Gidaje uku ba su mayar da nasu ba duk da ta yi ta zuwa da kanta, kuma yaran waɗannan gidaje ba su ƙara komawa makarantar boko ba. A jarrabawar shekarar 1999 ajin ya samu sakamakon da makarantar ba ta taɓa samun irinsa ba, kuma Jannatu tana cikin waɗanda suka wuce sakandare.

Daga wannan al'amari ta ƙara mataki guda a cikin dabarunta. Bayan yaro ya ba da labarin tambaya, sai ya ware abin da aka faɗa daga abin da shi ne ya kawo daga gida. Abin da aka faɗa da shi za a yi aiki, abin da ba a faɗa ba kuwa a ɗauka mutanen cikin labarin sun riga sun yi shi yadda ya kamata. Malaman yankin da suka koyi wannan mataki daga gare ta suna kiransa kyautata zato.

Komawa Kibiya da ƙarin karatu

Tsakanin 2003 da 2007 ta yi ƙarin karatu a lokutan hutun makaranta, ta samu babbar takardar shaidar malanta ta ƙasa. A shekarar 2007 iyalin suka koma Kibiya sakamakon tsufan mahaifiyar mijinta, aka kuma mayar da ita wata makarantar firamare a bayan garin, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan Fulani makiyaya ne da suka zauna suka haɗa kiwo da noma.

A nan ma umarnin kai tambaya gida ya ci karo da wata al'ada. Ta lura cewa idan ta ce yara su ƙirƙiri tambaya a kan shanun gidansu sai su sunkuyar da kai, domin a gidajensu ba a faɗin adadin shanu, kowace saniya da sunanta da kamanninta aka san ta. A wannan karo ba ta jira abin ya kai ga iyaye ba. Ta daina tambayar kowa dabbobin gidansu, ta koma amfani da ƙoren nono da zabi, idan kuma littafi ya kawo shanu sai ta ce na wani baƙo ne mai wucewa. A shekarar 2012 aka naɗa ta mataimakiyar hedimasta, amma ta ci gaba da riƙe lissafin aji shida. Daga 2014 kuma aka riƙa gayyatar ta tarurrukan bita na malaman firamare a Kibiya da Rano, inda takan zo da gwangwanin tsakuwa ta sa malamai su durƙusa a ƙasa su yi abin da yara ke yi.

Ritaya da rashin lafiya

A shekarar 2019 likitoci suka tabbatar mata da ciwon suga, kuma ganinta ya fara raguwa. A wannan shekarar ce aka turo makarantar wata sabuwar malama mai suna Afra'u, 'yar wata ruga da ke kusa, wadda ta bayyana mata tun ranar farko cewa tana tsoron lissafi. Malama Juwairiyya ta nemi a haɗa su aji ɗaya. Shekara biyu Malama Afra'u tana zaune a bayan aji tana kallo, shekara biyu kuma tana gaban allo, Malama Juwairiyya tana zaune a baya, ba ta gyara mata a gaban yara sai an tashi.

Ta yi ritaya a watan Oktoba na 2023 bayan cika shekara talatin da biyar tana aiki. A lokacin ba ta iya karanta rubutu, amma duk ranar Alhamis da la'asar Malama Afra'u kan zo gidanta ta karanta mata tambayoyin da suka gagari yara a wannan mako, su warware su da tsakuwa a kan tabarma, tana laluben su da hannu. Ajin shekarar 2024 shi ne na farko da zai shiga jarrabawa bayan ritayarta, kuma iyalinta sun shaida cewa ko a kwanakin da jikinta ya yi tsanani takan tambayi yadda ajin yake ciki.

Rasuwa

Malama Juwairiyya ta rasu a gidanta da ke Kibiya da hantsin ranar Asabar, 1 ga watan Yuni, 2024, cikin watan Zulƙida na shekarar 1445 bayan Hijira, tana da shekara hamsin da shida. An yi mata sallah bayan azahar a ƙofar gidan, aka binne ta a maƙabartar garin. Jana'izar ta samu halartar malamai da tsofaffin ɗalibai daga Saji da Yalwa da Rano da rugagen da ke kewaye.

Ranar ta dace da ranar jarrabawar shiga sakandare. Labarin rasuwar ya iske Malama Afra'u ta waya tana tsaye a bakin ƙofar cibiyar jarrabawa, 'yan ajinta suna kan layin shiga. Ba ta gaya musu ba. Ta duba fensirin kowa, ta tuna musu su ba kansu labarin kowace tambaya kafin su rubuta komai, ta zauna a waje har suka fito. Bayan la'asar ta iso gidan makoki da yaran a bayanta, sanye da kayan makaranta, an riga an dawo daga maƙabarta.

Marigayiyar ta bar mijinta, Malam Ja'afaru, da 'ya'ya biyar: Lukman, malamin asibiti a Rano, Rukayya, matar aure mai sana'ar ɗinki a Kano, Munzali, manomi a Kibiya, Halimatu Sa'adiya, ungozoma, da auta Mufida, wadda ke karatu a jami'a. Ta kuma bar jikoki tara. Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya sanya abin da ta koyar ya zame mata sadaka mai gudana.